Yadda Ake Shirya Zagayen Yini Guda a Birnin Kano da Garin Daura da Motar Shata

Wanda ya yi baƙi daga nesa, ko kuma yake son ya fita da iyalinsa su ga kayan tarihi, zai iya haɗa cikin birnin Kano da garin Daura a yini guda, muddin ya tsara lokacinsa tun kafin ranar. Dalilin haɗa garuruwan biyu kuwa a fili yake, domin tarihin baka ya nuna cewa Bagauda, sarkin Kano na farko da aka ce ya hau mulki a shekarar 999, jikan Bayajidda ne na Daura. Abin da ke ɓata irin wannan fita shi ne kwaɗayin ganin komai. Wurare 6 a Kano da 2 a Daura sun isa yini, kuma duk wanda ya ƙara a kan haka zai ƙare da gudu daga wannan ƙofa zuwa waccan ba tare da baƙinsa sun fahimci komai ba.

Matakin farko shi ne zaɓen rana. Kada a sa ranar Juma'a, saboda tun kafin azahar hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci da Ƙofar Kudu ta gidan sarki suke cika, 'yan kasuwa da masu sana'a da yawa kuma hankalinsu yana kan masallaci. A guji Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ake tsaftar muhalli a Kano, ake kuma taƙaita zirga-zirga da safe, alhali safiyar ita ce jarin tafiyar gaba ɗaya. Kwanakin hawan Salla ma ba su dace da wannan tsari ba, don kallon hawa shi kaɗai yana cinye yini. Tsakanin Litinin da Alhamis ya fi. Dangane da yanayi, watannin sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu sun fi sauƙin yawo, sai dai idan hazo ya yi kauri ba a ganin nesa daga kan Dutsen Dala. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan kai maki 40, wanda hakan ke wahalar da tsofaffi da yara ƙwarai.

Daga nan sai maganar mota, kuma a nan ya kamata a natsu. Ana ɗaukar shatar mota ta yini, a yi ciniki a fili kafin ranar: wa zai sayi mai, ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi, abincin direba yana kan wa, kuma nawa za a ƙara idan an wuce lokaci. A faɗa wa direba tun farko cewa za a je Daura a dawo, domin tafiyar ta haura kilomita 120 zuwa kaɗai, kuma ciniki na zagayen cikin gari daban yake da na fita wata jiha. A duba tayoyi har da safaya, da birki, da na'urar sanyaya mota, a kuma tabbatar takardun mota da lasin direba ba su ƙare ba, tunda za a ratsa jihohi 3, wato Kano da Jigawa da Katsina, kuma akwai shingayen jami'an tsaro a hanya. Ƙaramar mota ta fi bas sauƙin shiga cikin birni. Idan mutane sun fi 4, gara a ɗauki mota mai kujeru 7 da a raba su mota biyu, domin motoci biyu sukan rabu a cunkoso, a ɓata lokaci wajen neman juna.

Direba daban, ɗan jagora daban. Direban da ya san titunan Nasarawa da Sabon Gari ba lallai ne ya san lungunan kasuwar Kurmi ba. A nemi ɗan cikin gari wanda aka sani, wanda masu sana'a suka san fuskarsa, ya yi rakiya daga safe zuwa rana. A Daura kuwa masu kula da rijiyar Kusugu suna ba da bayani da kansu, amma idan ana son shiga fada, a nemi wani ɗan garin ya yi magana kwana biyu ko uku kafin zuwa. Haka nan a tuntuɓi Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, a ji lokacin buɗewa da kuɗin shiga na wannan lokacin. A tanadi tsabar kuɗi ƙanana, saboda ba kowane mai sana'a ne ke karɓar taransifa ba, kuma sabis yakan yanke a cikin rumfunan kasuwa. A ɗauki ruwan sha mai yawa, da takalmi mara tsini, da katin shaida ga kowa, da fasfo ga baƙon da ya zo daga waje. Idan baƙin ba 'yan ƙasar Hausa ba ne, a gaya musu tun da dare irin shigar da ta dace: tufafi masu rufe jiki, mata kuma da mayafi.

Ranar tafiya a fara da Dutsen Dala da misalin ƙarfe 6:30, bayan an yi sallar asuba an karya da koko da ƙosai ko shayi. Ana hawa ta matakala, kuma a wannan lokaci rana ba ta yi zafi ba, don haka ko dattijo zai iya hawa idan yana hutawa. Na fi son a fara da Dala saboda daga samansa ne baƙo zai ga yadda garin yake kafin ya shiga cikinsa. Ɗan jagora ya nuna Gwauron Dutse ta yamma, da hasumiyoyin babban masallaci, da inda gidan sarki yake, da rufin kasuwar Kurmi, ta yadda duk inda aka je daga baya baƙo zai gane inda yake. A nan ne kuma za a ba da labarin farkon Kano: mutanen da suka zauna a gindin dutsen suna narka tama tun kimanin ƙarni na 7, da Barbushe wanda ke shugabantar bautar Tsumburbura, da zuwan Bagauda wanda ya kafa sarauta. A ambaci zuwan Wangarawa daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, domin su ne suka ƙarfafa Musulunci a fada, kuma unguwar Madabo da ake dangantawa da malamansu tana nan kusa. Minti 40 sun isa a kan dutsen. Unguwa ce ta mutane ta kewaye shi, saboda haka kada a riƙa ɗaukar hoton cikin gidajen da ake hangowa daga sama.

Idan an sauko, sai a bi ta inda za a ga ragowar badala. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta har ta kewaye gidaje da gonaki da kududdufai, ta yadda ko an yi wa gari ƙawanya mutane za su ci su sha. Abin takaici ne cewa yawancinta ta zube ko an gina gidaje da shaguna a kanta, kuma ƙofofi da dama an sake gina su da siminti don faɗaɗa titi. Duk da haka sunayen suna nan, irin su Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Wambai da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Ɗan Agundi da Ƙofar Kabuga, kuma kowace tana da labarinta. A tsaya a guda ɗaya kawai inda ake ganin tudun ƙasar sosai, a yi bayanin yadda Turawan Ingila suka ci garin a watan Fabrairun 1903 lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato, sannan a wuce.

Zango na gaba shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa a 1498, kuma ya kamata a isa wajen ƙarfe 8, lokacin da marina suka fara aiki. Wannan wuri ya cancanci a daɗe a cikinsa fiye da yadda yawancin masu kai baƙi suke yi. A yi sallama, a gaida dattawan karofi da "Baba, barka da aiki", a nemi izini kafin a matsa kusa da rami, sannan a roƙi ɗaya daga cikinsu ya nuna yadda ake haɗi. Za a ji yadda ake zuba ruwa da toka da baba da katsi a cikin rami mai zurfi, a bar shi ya yi kwanaki yana tsima har ya nuna, da yadda ake tsoma yadi a ɗago shi ya sha iska a sake tsomawa. Baƙi su lura da abin da ke faruwa idan an ɗago yadin, domin da farko yana fitowa da launin kore-kore ne, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idon mai kallo, kuma yawan tsomawa shi ke sa launin ya yi duhu. Zanen da ke jikin yadin kuwa aikin mata ne da suke ɗaurewa da zare a cikin gida kafin a kawo rini. Daga bakin ramuka a leƙa wajen mabuga, inda ake shimfiɗa yadi a kan gungumen itace ana bugunsa da tabarya gajera har ya yi santsi da ƙyalli. Irin wannan shuɗin yadi ne fatake suka riƙa kaiwa Agadas da sauran garuruwan Sahara, inda Buzaye ke yin rawani da shi. Za a ga ramuka da yawa babu kowa a bakinsu, saboda yadin kanti da rinin zamani sun rage kasuwar. Shi ya sa nake ganin bai dace a ɗauki lokacin mutum a yi masa tambayoyi da hotuna, sannan a tafi hannu rabbana ba. A sayi ko ɗankwali ne, ko a ba da abin goro.

Daga Ƙofar Mata zuwa Gidan Makama ba nisa. An gina gidan a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa tun kafin ya zama sarki, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A biya kuɗin shiga, a tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto, a karɓi ma'aikacin gidan ya yi zagaye da baƙi, domin shi ya san abin da ke kowane ɗaki. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan sarakuna da na zamanin mulkin mallaka. Sai dai ginin kansa ya kai kayan cikinsa daraja. A sa baƙi su ɗaga kai su dubi yadda aka jera azara a rufi, da yadda bakan gizo ke ɗauke da nauyin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, su kuma taɓa kaurin bangon tubali su ji sanyin ɗakin duk da rana ta fara ɗagawa. Awa guda za a ba wa wannan wuri.

Gidan Rumfa, wato fadar sarkin Kano, yana fuskantar wajen, kuma tafiyar ƙasa ce. Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar, a zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake tafiyar da mulki. Fada gida ce da ake zaune a ciki, ba wurin yawon kallo ba, don haka wanda bai nemi izini tun da wuri ba ya tsaya a filin Ƙofar Kudu ya dubi ginin daga waje, kuma hakan ma ya wadatar. Idan an sami izinin shiga, a bi umarnin dogarai, a cire takalmi inda aka ce a cire, a gaida masu sarauta da "ranka ya daɗe", kada kuma a ɗaga waya don hoto sai an yarda. Babban masallacin Juma'a yana ta arewacin fadar, kuma ginin da ake gani yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. Baƙon da ba Musulmi ba ya tsaya daga waje.

Wurin ƙarshe a Kano shi ne kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa. A bar mota a bakin titi tare da direba, a sa masa wurin haɗuwa da lokaci, sannan a shiga da ƙafa a bayan ɗan jagora, domin lungunan suna da ƙunci kuma suna kama da juna. A nan ne ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gadamas suka riƙa sauke kaya, fatake kuma suka riƙa kawo goro daga Gwanja. Kowace sana'a da layinta: dukawa da jakunkuna da takalma da filallan fata, masu kayan doki da sirdi da linzami da jalala, masu huluna, masu turare da kayan yaji, masu littattafan addini da alluna. A tambayi baƙi tun a mota abin da suke son saya, a nufi layi biyu ko uku kawai. Ciniki a Kurmi da gaisuwa ake fara shi, kuma idan mai kaya ya ce "albarka" ba kora ba ce, gayyata ce a ƙara. Amma kada a taya abin da ba a da niyyar saya, domin idan aka sallama, janyewa abin kunya ne. Kafin a fita a sayi gurasa a Jakara, ko a aika a sayo kilishi a Agadasawa, a yi guzurin hanya da su, saboda zama cin abinci a gidan abinci zai cinye awa guda da ba a da ita.

Ƙarfe 12 na rana ya kamata a ce mota ta kama hanya, kuma wannan shi ne lokacin da ba a sassautawa a kansa. Idan an makara a Kurmi har ƙarfe 1:30, shawarata ita ce a ɗage Daura zuwa wata rana, a cike yinin da Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya kuma buɗe makarantar boko a 1909, maimakon a tafi a dawo cikin dare. Idan kuwa an fita a kan lokaci, a cika tanki tun a Kano. Hanyar tana bi ta Dambatta da Kazaure, kuma tafiyar kimanin awa 2 ce idan babu tsaiko. Fita daga Kano ta arewa ita ce mai cin lokaci saboda cunkoson adaidaita sahu da manyan motoci. A Kazaure za a iya tsayawa a yi azahar a miƙe ƙafa, kuma tafiyar ta kai nisan da ake yin ƙasaru ga wanda yake so. A shingen bincike a sauke gilashi a gaisa, a bar direba ya yi magana, kada kowa ya ɗauki hoto.

Awa biyun da ke cikin mota su ne lokacin ba da labarin Bayajidda, don a isa Daura baƙi sun riga sun san abin da za su gani. Labarin ya ce ya fito daga Bagadaza ya sauka a Barno, ya auri 'yar sarki, sannan ya gudo yamma ya bar matar a Garun Gabas inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiya, wanda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya je ya kashe macijin, sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo 6 kuma suka mulki Daura da Katsina da Zazzau da Gobir da Kano da Rano, waɗanda idan aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. A gaya wa baƙi gaskiya cewa wannan tarihin baka ne, kuma masana suna kallonsa a matsayin labarin da ke bayyana sauyin sarauta daga hannun mata zuwa maza, ba asalin Hausawa kansu ba, tunda ko a cikin labarin Bayajidda ya tarar da gari da mutanensa da sarauniyarsu.

Da isa Daura wajen ƙarfe 2, a nufi rijiyar Kusugu kai tsaye. Tana cikin gari, an kewaye ta da gini, kuma akwai masu kula da ita. A gaishe su, a saurari bayaninsu ko da an riga an ji labarin a mota, domin yadda ɗan Daura ke ba da shi yana da ƙarin da ba a samu a wani wuri. Ana jan ruwa da guga, kuma mutanen garin suna cewa rijiyar ba ta ƙafewa. A riƙe hannun yara a bakinta. Idan an gama a ba masu kula abin goro, sannan a wuce fadar sarki, wadda ba ta da nisa. Ƙa'idar da aka bi a Gidan Rumfa ita za a bi a nan. Abin da ya kamata a bayyana wa baƙi a bakin fadar shi ne bambancin sarautun biyu: a Kano gidan Fulani ne ke mulki tun bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Daura kuwa masu jihadi sun karɓi garin a 1805, sarakunan Haɓe suka koma yankin Zango da Baure, har Turawa suka dawo da gidan kan karaga a 1906. Wanda ya zo a watan Maulidi zai iya dacewa da Sallar Gani, bikin da Daura ta yi suna da shi, sai dai a irin wannan rana garin yakan cika, kuma gara a kwana.

Ƙarfe 4 a bar Daura, bayan an yi la'asar ko da niyyar yin ta a hanya, domin a shigo Kano kafin magariba ko da ita. Tuƙin dare a wannan hanya ba abin so ba ne, saboda manyan motoci da dabbobi da masu babur marasa fitila, ga kuma gajiyar direban da ya fara aiki tun asuba. Wanda ke zaune a gaba ya riƙa yi masa hira, a kuma tsaya a Kazaure ko Dambatta ya sha shayi idan ya nuna alamar gyangyaɗi. Da an iso Kano a fara sauke baƙi a masaukinsu, a duba ƙarƙashin kujeru da but don kada a bar waya ko sayayyar Kurmi, sannan a cika wa direba ragowar kuɗinsa a gaban wanda ya haɗa ku da shi, tare da ƙarin da aka yi alkawari idan an wuce lokacin da aka yanka.